Louis Howe ko James Farley: Tafarkin Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Son Aikin Siyasa na Bayan Fage?

Duk wanda ya shiga siyasa da niyyar yi wa wani aiki, ba da niyyar tsayawa takara da kansa ba, ko ba jima ko ba daɗe zai tarar hanya ta rabu biyu a gabansa. Ko dai ya ɗaure kansa ga mutum guda, ya zama na hannun damansa, tashinsu ɗaya faɗuwarsu ɗaya, ko kuma ya zama ɗan jam'iyya, wanda jarinsa shi ne sanin mutane da riƙe amanar shugabannin mazaɓu da na jihohi, kowa jam'iyya ta tsayar ya yi masa aiki. A tarihin Amurka akwai misalin da ya haɗa hanyoyin nan biyu a gida ɗaya. Franklin Roosevelt, wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa har sau huɗu daga 1932 zuwa 1944, mutum biyu ne suka share masa hanyar zuwa fadar White House, wato Louis Howe da James Farley, kuma a yau ba kowa ne ya san sunayensu ba ko a cikin Amurka. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu neman abin koyi gara su bi sawun Farley, amma sai an ga abin da kowannensu ya yi da abin da ya biya kafin a yarda da wannan hukunci.

An haifi Louis McHenry Howe a 1871 a birnin Indianapolis, ya girma a Saratoga Springs ta jihar New York, inda mahaifinsa yake da wata ƙaramar jarida. Mutum ne ɗan ƙarami, ramamme, mai fama da ciwon asma tun yana yaro, ga tabo a fuska sakamakon faɗuwa daga keke, ga shan taba ba ƙaƙƙautawa, tufafinsa kullum a yamutse da tokar sigari. Shi da kansa ya san cewa mai irin wannan kama ba zai tsaya a gaban jama'a ya roƙi ƙuri'a ba. Aikin jarida ya yi, yana aika wa jaridar New York Herald rahotanni daga majalisar dokokin jiha a Albany, kuma a can ya koyi yadda ake ƙulla da warware al'amura a ƙarƙashin Tammany Hall, ƙungiyar da ta riƙe wuyan jam'iyyar Dimokurat a birnin New York.

A 1911 ya lura da wani sabon sanatan jiha, ɗan masu kuɗi mai shekara 29, wanda ya jagoranci 'yan tawayen jam'iyya suka hana Tammany naɗa William Sheehan sanatan tarayya. Wannan matashi shi ne Roosevelt. Shekara ta gaba, lokacin da ya kamata ya fita neman komawa kujerarsa, sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka kira Howe ya karɓi yaƙin neman zaɓen. Abin da ya yi a makonnin nan ya nuna irin basirarsa. Ya sayi cikakken shafi a jaridun yankin, abin da ba a saba gani ba a zaɓen ƙaramar kujera, sannan ya aika wa manoma dubban wasiƙu masu ɗauke da sa hannun Roosevelt, kowace tana magana a kan abin da ke damun mai karɓarta, kamar cutar da dillalan birni suke yi wa manomi wajen sayen amfanin gona da kuma girman gangar da ake auna tuffa da ita. Ɗan takarar bai taka ko'ina ba, amma ya ci zaɓe a yankin da 'yan Rifablikan suka fi rinjaye. Tun a wannan shekara Howe ya fara kiransa shugaban ƙasa na gobe a cikin wasiƙa, shekara 20 kafin abin ya tabbata. Ya bi shi ma'aikatar sojan ruwa a 1913, inda ya riƙe hulɗa da ƙungiyoyin ƙwadago na wuraren ƙera jirage, ya kuma bi shi yawon neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa a 1920, wanda suka sha kaye.

Inda ya kamata mai nazari ya daɗe a rayuwar Howe shi ne 1921. A watan Agusta na wannan shekara ciwon da likitoci suka ce shan inna ne ya kama Roosevelt a tsibirin Campobello na ƙasar Kanada, ƙafafunsa suka shanye yana da shekara 39. A ganin kowa siyasarsa ta ƙare, har mahaifiyarsa ta so ya koma gidansu na Hyde Park ya zauna. Howe yana da tayin aiki a wani kamfanin mai, ya ajiye shi. Ya rinƙa bai wa 'yan jarida labari kaɗan kaɗan ba tare da ya ambaci girman ciwon ba, kuma ranar da za a fito da marar lafiyan a watan Satumba, ya nuna musu wata mashiga a garin Eastport su jira, alhali ƙaramin jirgin ruwan ya sauka a wata daban. Aka ɗora Roosevelt a kan amalanken kaya, aka shigar da shi jirgin ƙasa ta taga, kuma lokacin da masu ɗaukar rahoto suka iso, abin da suka gani shi ne mutum a jingine yana murmushi da sigari a baki. Bayan haka Howe ya tare a gidan Roosevelt da ke birnin New York, yana rubuta wasiƙu da sunansa zuwa ga shugabannin jam'iyya na faɗin ƙasa, yana kuma koya wa matarsa Eleanor magana a gaban jama'a, yakan zauna a bayan zaure ya yi mata alama idan muryarta ta tashi ko ta yi dariyar da ba ta da dalili. Shekara bakwai aka yi a haka, kuma ban ga yadda sunan Roosevelt zai rayu a jam'iyya ba in ba don wannan aiki ba.

Kuɗin da ya biya kuwa ba kaɗan ba ne. Matarsa Grace da 'ya'yansa suna can Fall River a jihar Massachusetts, sai ƙarshen mako yake ganinsu, wani lokacin ma ba ya samu. Bai tara dukiya ba, ba shi da magoya baya na kansa, ba shi da wani matsayi a jam'iyya da zai koma kansa idan maigidan ya juya masa baya ko ya mutu. Da ciwon ya tafi da Roosevelt a 1921, da Howe ya koma tsohon ɗan jarida mai shekara 50 da babu wanda ya san da zamansa. Wannan shi ne abu na farko da mai sha'awar hanyarsa ya kamata ya auna, domin labarin da ya iso mana na wanda cacarsa ta ci ne, kuma hadiman da suka ba da rayuwarsu ga gwanin da bai kai ko'ina ba babu mai rubuta tarihinsu.

James Aloysius Farley daban yake ta kowace fuska. An haife shi a 1888 a Grassy Point, gefen kogin Hudson, jikan baƙin da suka zo daga Ayalan, mabiyin ɗariƙar Katolika. Mahaifinsa mai sana'ar tubali ne, doki ya harbe shi ya mutu tun Farley bai cika shekara goma ba, sai yaron ya tashi yana taimakon mahaifiyarsa a kanti. Ya karanta aikin akawu, kuma a 1912 ya fara aiki a matsayin magatakardan garin Stony Point, garin da 'yan Rifablikan suka yi wa katutu. Dogo ne, mai sanƙo, mai fara'a, ba ya shan giya ba ya shan taba. Ya riƙe shugabancin jam'iyya na gundumar Rockland daga 1918, ya yi zango ɗaya a majalisar jiha, ya rasa kujerar bayan ya jefa ƙuri'ar soke dokar jiha ta tilasta haramcin giya a yankin da ake goyon bayan haramcin. Daga nan ya shugabanci hukumar wasanni ta jihar, inda ya dage cewa zakaran dambe Jack Dempsey sai ya kara da Harry Wills, baƙar fata da ya cancanta ake ta kauce masa, dagewar da ta sa aka kwashe damben Dempsey da Gene Tunney na 1926 zuwa Philadelphia. A gefe guda kuma yana da kamfaninsa na sayar da kayan gini, wato abincinsa bai rataya a wuyan wani ɗan siyasa ba.

Dabararsa ba ta da wani sirri, kuma wannan ne ya sa nake fifita ta. Idan ya haɗu da mutum yakan riƙe sunansa da garinsu da sunan matarsa, ya sa a rubuta a ajiye, sannan ya bi shi da wasiƙa mai sa hannu da koriyar tawada, wadda ta zama alamarsa. Shugaban jam'iyya na wata ƙaramar gunduma, wanda bai taɓa samun ko gaisuwa daga manya ba, sai ya ga wasiƙa tana tambayarsa yadda amfanin gona ya yi da kuma wanda yake ganin zai ci zaɓe a yankinsa. Har yau 'yan siyasar Amurka suna laƙaba sunan Farley ga kundin da ake tara irin waɗannan bayanai na mutane. Ya kuma yi suna da cika alkawari, abin da ya sa har abokan hamayya suke yarda da maganarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar baiwa ta musamman. Haƙuri suke buƙata da naci, kuma kowane matashi zai iya fara su daga mazaɓarsa.

Sun haɗu a hidimar Roosevelt daga 1928, kuma a nan ne aka ga cewa hangen Howe ma yana iya kuskure. Ya yi adawa ƙwarai da tsayawar maigidansa takarar gwamnan New York a wannan shekara, yana ganin shekarar 'yan Rifablikan ce, gara a jira 1932 a nemi gwamna sannan a nemi shugaban ƙasa a 1936. Roosevelt bai ji ba, ya tsaya, ya ci da tazarar ƙuri'a kusan 25,000, alhali Al Smith, ɗan Katolikan da jam'iyyarsu ta tsayar, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa har a jiharsa ta New York. Da an bi shawarar Howe, da karyewar tattalin arziki ta 1929 ta buɗe wa wani ne ƙofa. A 1930 Farley, a matsayin shugaban jam'iyya na jiha, ya farfaɗo da rassan karkara da aka daɗe da yin watsi da su, Roosevelt ya sake cin gwamna da tazarar ƙuri'a kimanin 725,000. A tsakiyar 1931 aka tsara masa tafiya zuwa Seattle da sunan halartar taron wata ƙungiyar zumunta da yake ciki, ya ratsa jiha 18 cikin kwana 19 yana cin abinci da shugabannin jam'iyya, yana aiko da rahoto. Howe ne ya zana taswirar, amma da shi aka tura da babu wanda zai sake jiki da shi.

Babban taron jam'iyya na Shikago a 1932 ya nuna rabon aikin ƙarara. Doka a lokacin ita ce sai ɗan takara ya sami kashi biyu cikin uku na wakilai, kimanin ƙuri'a 770, Roosevelt kuwa ya tsaya a 666 da 'yan kai a zagayen farko, kuma har zagaye na uku bai kai ba. Howe bai taka zauren taron ba. Yana kwance a ƙasa a ɗakinsa na otal, zafi da asma sun hana shi numfashi, fanka tana hura masa iska, ga waya da aka ja kai tsaye zuwa Albany aka haɗa da lasifika, ana shigo da wakilai rukuni rukuni su ji muryar gwamna yana gaishe su. Farley kuwa yana ta safa da marwa tsakanin tawagogi, bai runtsa ba. Da ya dawo da asuba sai ya kwanta a ƙasa kusa da Howe ya raɗa masa cewa Texas ce kaɗai mafita, Howe ya amince. Aka daidaita da Sam Rayburn, wakilin John Nance Garner, ɗan takarar da wakilan Texas da Kalifoniya suke mara wa baya, sai jihohin biyu suka sauya sheƙa a zagaye na huɗu, Garner ya zama mataimaki.

A wannan taro ne kuma aibin Howe ya fito fili, wato kishi. Bai iya jure ganin wani ya kusanci Roosevelt ba, musamman Samuel Rosenman, mai rubuta masa jawabai, da malaman jami'a irin su Raymond Moley da suka shigo da shawarwarin tattalin arziki. Da ya ji cewa su ne suka rubuta jawabin karɓar takara, sai ya kwana yana rubuta nasa, ya miƙa wa Roosevelt a cikin mota, shi kuma don kada ya ɓata masa rai ya karanta shafin farko na Howe sannan ya koma kan wancan. Wanda ya jingina komai nasa ga mutum ɗaya dole ya ga kowane sabon mai shigowa a matsayin barazana, don haka ina ɗaukar wannan aibi a matsayin na hanyar ne, ba na halin Howe kaɗai ba.

Bayan nasara Howe ya zama sakataren shugaban ƙasa, aka ba shi ɗaki a cikin fadar. Shi ne ya kai Eleanor sansanin tsofaffin sojojin da suka sake yin dafifi a 1933 suna neman haƙƙinsu, aka rabu lafiya, saɓanin shekarar da ta gabata da gwamnatin Herbert Hoover ta kore su da sojoji. Amma lafiyarsa ta riga ta ƙare, kuma manyan manufofin gwamnati sun koma hannun wasu. Farley ya haɗa kujera biyu, shugaban jam'iyya na ƙasa da ministan gidan waya, wanda a wancan zamani shi ne ke riƙe da rabon dubban muƙamai. Ya sha suka a 1934 lokacin da aka soke kwangilar kamfanonin da ke ɗaukar wasiƙu ta sama aka ɗora wa sojoji aikin cikin tsananin hunturu, matuƙa fiye da goma suka mutu. Ya kuma jawo wa kansa surutu da raba wa na kusa da shi takardun kan sarki na musamman, har sai da aka sake buga su a 1935 aka sayar wa kowa. A zaɓen 1936 kuwa, yayin da mujallar Literary Digest take hasashen Alf Landon na Rifablikan zai ci, Farley ya ce Roosevelt zai lashe kowace jiha ban da Maine da Vermont, kuma haka aka yi, ƙuri'un wakilan zaɓe 523 da 8. Rahotannin shugabannin gundumomin nan da yake yi wa wasiƙa ne suka ba shi wannan sani.

Akwai abu ɗaya da Howe ya mallaka wanda Farley bai taɓa samu ba, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ga mai son bin hanyarsa. Howe yana kiran shugaban ƙasa da sunansa na yanka, yana iya ce masa wannan shawara wauta ce, a kuma saurare shi, domin Roosevelt ya san ba ya neman komai don kansa. Ya rasu a watan Afrilu na 1936, aka yi masa bikin jana'iza a cikin fadar, daga baya aka naɗa matarsa shugabar gidan waya ta Fall River. Bayan rasuwarsa ne Roosevelt ya tafka manyan kurakuransa biyu na siyasa, yunƙurin ƙara alƙalai har shida a Kotun Ƙoli a 1937, wanda majalisar dattawa ta binne, da yunƙurin kayar da sanatocin jam'iyyarsa masu yi masa taurin kai a zaɓen fid da gwani na 1938, inda Walter George na Jojiya da Millard Tydings na Maryland duk suka koma kujerunsu. Masana tarihi da dama suna ganin da Howe yana raye da ya taka masa burki. Farley ya mara wa shirin kotun baya a bainar jama'a, ya ƙi sa hannu a na 1938, amma bai iya hana ko ɗaya ba. Ya kuma yi ƙorafi daga baya cewa duk da shekarun da ya yi yana hidima, ba a taɓa ɗaukarsa abokin hira na cikin gida ba.

Rabuwar ta zo a 1940 a kan batun tazarce. Tun zamanin George Washington babu shugaban da ya wuce zango biyu, Farley ya ga keta wannan al'ada kuskure ne, kuma gaskiya ita ce shi ma yana son kujerar, duk da cewa faɗuwar Al Smith ta nuna wahalar da ɗan Katolika zai sha. Ya je Hyde Park ya faɗa wa Roosevelt matsayinsa ido da ido, ya bari aka gabatar da sunansa a taron Shikago, ya sami ƙuri'a 72 a gaban 946 na Roosevelt, sannan shi da kansa ya nemi a mai da zaɓen na bai ɗaya. Ya ajiye muƙamansa biyu, ya koma shugabantar sashen kamfanin Coca-Cola mai kula da ƙasashen waje, inda ya zauna har 1973. Ya ci gaba da riƙe jam'iyya a New York zuwa 1944, har ya kayar da ɗan takarar Roosevelt a taron jam'iyya na fid da gwanin gwamna na 1942, ko da yake nasa gwanin ya faɗi a hannun Thomas Dewey na Rifablikan. Ya ga an saka iyakar zango biyu a tsarin mulki a 1951, ya rasu a 1976 yana da shekara 88, kuma ginin da ya kasance babban gidan waya na birnin New York yana ɗauke da sunansa.

Mai zaɓe tsakanin hanyoyin nan ya fara da tambayar kansa ko yana da burin tsayawa takara wata rana, ko da a ɓoye. Idan yana da shi, hanyar Howe ba tasa ba ce, domin amincewar da Howe ya samu ta ginu ne a kan tabbacin cewa ba zai taɓa zama kishiya ba, kuma ranar da Farley ya fara hangen kujerar ranar ce maganarsa ta rage nauyi a kunnen shugaba. Sai ya duba iyalinsa da abincinsa, ya ga ko zai iya shekara bakwai yana yi wa wanda ba ya kan mulki aiki ba tare da tabbacin komai ba. Sai kuma ya duba maigidan da kansa, domin Roosevelt mutum ne mai iya jin magana mai ɗaci daga bakin wanda ya yarda da shi, kuma shugabanni masu wannan hali ba su da yawa. Wanda duk waɗannan suka yi masa daidai, kuma yana da kaifin alƙalami da hangen nesa, zai iya samun tasirin da ɗan jam'iyya ba zai samu ba. Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, hanyar Farley ta fi musu, saboda ana iya koyonta mataki mataki, tana barin mutum da sunansa da jama'arsa, kuma ta ba shi damar cewa a'a ya fita da mutuncinsa.

Sai dai a koyi Farley da lura, domin rabin kayan aikinsa sun shuɗe. Tun yana kan kujera ƙungiyoyin ƙwadago da shirye-shiryen tallafi na gwamnatin tarayya suka fara karɓe aikin da rabon muƙamai yake yi wajen riƙe masu zaɓe, dokar Hatch ta 1939 ta taƙaita siyasar ma'aikatan gwamnati, kuma a 1971 aka fitar da gidan waya daga majalisar ministoci gaba ɗaya. Rashin damuwarsa da abin da manufofin gwamnati suka ƙunsa shi ya sa aka bar shi a baya, don haka mai bin sawunsa sai ya haɗa da karatun da shi bai yi ba.

Ga ɗalibin da zai ɗauki ɗayansu ya yi bincike a kansa, nan ma Farley ya fi sauƙin kamawa. Ya wallafa littafi biyu a kan rayuwarsa, ɗaya a 1938 ɗaya a 1948, kuma takardunsa suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washington. Howe bai bar tarihin kansa ba, takardunsa suna ɗakin adana tarihin Roosevelt a Hyde Park, kuma da yawa daga abin da ya rubuta ya fita ne da sa hannun wani, yadda raba kalamansa da na maigidansa aiki ne mai wuya. Littafin Farley na farko an rubuta shi yana cikin gwamnati, na biyu kuma bayan an ɓata, saboda haka duk inda suka ba da labarin abu ɗaya sai a ajiye su gefe da gefe, a kuma gwada su da abin da Eleanor Roosevelt da Samuel Rosenman suka rubuta a kan shekarun.